Amsa: Bitamin D don ƙashi kawai yake?

Hajiya, kin tambaya ko bitamin D na da wani amfani bayan ƙarfafa ƙashi. Yana da shi. Tsoka na buƙatarsa, shi ya sa idan ya yi ƙaranci sosai tashi daga tabarma kan yi wa tsofaffi wuya. Garkuwar jiki ma tana aiki da shi.

Amma kada masu tallan magani su ruɗe ki. Wani babban gwaji a Amurka kan mutum kusan 26,000 bai ga ƙwayoyin bitamin D sun hana ciwon daji ko ciwon zuciya ba.

Fata ce ke haɗa bitamin D da hasken rana. Nan Accra rana ba ta yanke mana, sai dai baƙar fata kan jinkirta haɗa shi, balle mai wuni cikin shago a Nima. Ki riƙa cin kifin sadin da ƙwanduwar ƙwai. Ƙwaya kuwa sai likita ya ce, yawanta na taɓa ƙoda.