Gyara biyu sun cakuɗe a PR ɗaya a Matplotlib: yadda ake raba su

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na yi kwafin rumbun Matplotlib (manhajar Python ta zana jadawali) a asusuna na GitHub, na ƙara wani sabon zaɓi a `bar` mai zana sanduna, na yi kwamit (ajiye gyara a tarihin Git) a kan babban reshe, `main`, na buɗe PR (pull request, wato neman a shigar da gyarana cikin nasu aikin). Kafin su duba sai na fara wani gyaran daban na rubutun gefen zane, shi ma na tura. Yanzu duka biyun sun bayyana a PR ɗaya, an ce in raba su, ga kuma GitHub na nuna aikina ya yi karo da nasu. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam. Tushen matsalar ɗaya ne: PR reshe yake bi, ba kwamit ɗin da ka yi ranar da ka buɗe shi ba. Duk abin da ka tura wa reshen daga baya, kai tsaye zai faɗa cikin PR ɗin. Shi ya sa ake barin `main` ba a taɓa shi, kowane aiki kuma a yanka masa nasa reshen.

Da farko ka haɗa kwamfutarka da rumbun asali, ka ajiye kwafin inda kake yanzu, sannan ka ga jerin kwamit ɗin da naka ne kaɗai:

`git remote add upstream https://github.com/matplotlib/matplotlib.git`
`git fetch upstream`
`git branch ajiya main`
`git log --oneline upstream/main..main`

Reshen `ajiya` shi ne madogararka idan wani abu ya ɓaci. Daga jerin, ka ware lambobin kwamit na aikin `bar` da na ɗayan. Sai ka yanki sabon reshe daga nasu `main`, ba naka ba, ka ɗebo kwamit ɗin aikin farko ɗaya bayan ɗaya, tsohon kafin sabo:

`git checkout -b bar-new-option upstream/main`
`git cherry-pick LAMBA`
`git push -u origin bar-new-option`

Haka za ka yi wa aiki na biyu. Kada ka manta da `-u origin` (`origin` shi ne kwafinka na GitHub): reshen da aka yanka ta wannan hanya `upstream/main` yake bi, don haka `git push` shi kaɗai zai ƙi tafiya yana cewa sunaye ba su dace ba. Sunan reshe kuwa gara ya zama na Turanci mai nuna aikin, tunda da shi masu duba aikin suke magana.

GitHub ba ya yarda a sauya reshen da PR ya fito daga gare shi. Saboda haka tsohon sai dai a rufe shi. Ka buɗe sababbi biyu, ka rubuta lambobinsu a tsohon domin kada tattaunawar da aka yi ta ɓata, ka rufe. Bayan nan ne za ka wanke `main` ɗinka da `git checkout main`, sai `git reset --hard upstream/main`, sai `git push --force-with-lease origin main`. Ka duba `git status` kafin `reset --hard`, domin yana shafe duk gyaran da ba a yi wa kwamit ba, kuma `git reflog` ba ya dawo da irin wannan.

Za ka ga rassa masu suna irin `v3.10.x` a rumbun. Ba naka ba ne. Ko kuskure kake gyarawa a sigar da ta riga ta fita, daga `main` za ka yanka. Masu kula da aikin su ne ke sa wa PR alamar sigar da zai shiga, wani mutum-mutumi mai suna MeeseeksDev kuma ya kwafe gyaran zuwa can.

Yanzu batun karo. Zai iya fito maka tun wajen `cherry-pick`, ko daga baya idan aikinsu ya yi gaba. Maganin na biyun shi ne `git fetch upstream` sannan `git rebase upstream/main` kana kan reshenka. Git zai tsaya a fayil ɗin da ya rikice, ka gyara, ka yi `git add`, ka ci gaba da `git rebase --continue`. In ka ruɗe, `git rebase --abort` zai mayar da kai inda ka taso. Turawa bayan haka sai da `--force-with-lease`, wanda zai ƙi idan wani ya tura abu a reshen ba ka sani ba. Wannan na faruwa sosai, domin masu duba aiki kan ƙara ƙaramin gyara a reshen mai PR, kuma `--force` tsurarsa zai share musu shi.

A Matplotlib akwai wurare biyu da bai kamata ka warware karo da hannu ba. Na farko `pyplot.py`. Kashin ƙarshe na wannan fayil ba mutum ke rubuta shi ba. Ainihin `bar` yana cikin `lib/matplotlib/axes/_axes.py`, bayanin nau'o'insa yana `_axes.pyi`, sai `python tools/boilerplate.py` ya samar da na `pyplot` daga gare su. To idan karon can ƙasa yake, ka daidaita waɗancan biyun, ka sake gudanar da umarnin. Akwai gwajin da ke faɗuwa idan `pyplot.py` bai yi daidai da su ba.

Na biyu hotunan gwaji da ke cikin `baseline_images`. Git ba ya iya haɗa hotunan PNG biyu, sai dai ka zaɓi ɗaya. A nan mutane ke faɗawa rami: a lokacin `rebase`, `--ours` na nufin nasu `main`, `--theirs` kuma naka aikin, akasin yadda kunne ke ji. Mafi aminci shi ne ka kammala `rebase`, ka gudanar da gwaje-gwaje da `pytest`, ka ɗauki sabon hoton da ya fito a `result_images`, ka dube shi da idonka kafin ka sa shi. Akwai kuma binciken da ke ƙin PR idan an ƙara hoto a wani kwamit aka sake sauya shi a na gaba, domin kowace siga ta hoton za ta zauna a tarihin rumbun har abada. Ana gyara wannan da `git rebase -i upstream/main`, a mayar da `pick` na kwamit na biyu ya koma `fixup`. A ganina, indai kayan gwajin nan `check_figures_equal` zai wadatar, ka yi amfani da shi: zane biyu yake kwatantawa nan take, ba ya buƙatar ajiye hoto, ba kuma abin da zai yi karo.

Sanarwar sabon zaɓin naka ma fayil nata daban za ka buɗe mata a cikin `next_whats_new`. An tsara haka ne don kada kowa ya riƙa rubutu a wuri ɗaya ana cin karo.

Kada ka mayar da `rebase` abin yi kullum. Gyaran ainihin manhajar (code) yana buƙatar amincewar mutum biyu daga masu kula da aikin, abin kan ɗauki lokaci, kuma duk turawar dole tana sa gwaje-gwaje su sake tashi daga farko, mai dubawa kuma ya rasa inda ya tsaya. Ka yi shi idan akwai karo, ko kana buƙatar wani abu da ya shiga `main` kwanan nan.

Idan kuwa ka tarar aiki na biyu ba ya tsayawa sai da na farko, ka yanke shi daga `bar-new-option`, ka riƙe shi ba tare da buɗe PR ba. Ranar da aka karɓi na farko, `git rebase --onto upstream/main bar-new-option SUNAN-RESHE` zai ɗauke kwamit ɗin na biyu kaɗai ya ɗora su a kan sabon `main`, sai ka buɗe masa nasa.