Shin Hausa a gida tana hana yaro koyon Turanci?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana shekararsa uku, ya fara nazare. Malamarsu ta ce mu daina yi masa Hausa a gida, wai ita ke rikita shi, shi ya sa yake gauraya harsunan biyu. Mu daina? Ni ma shekarata 32, ina son gyara Turancina, ko lokaci ya wuce? Daga wata uwa a Samaru, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malama, kada ku daina.

Jariri yana zuwa duniya da kunnen da ke bambance sautukan kusan kowane harshe. A 1984 Janet Werker da Richard Tees a Kanada sun nuna cewa jariran gidajen Turanci 'yan wata 6 zuwa 8 suna rarrabe wasu sautukan Hindi da iyayensu ba sa ji, amma zuwa wata 10 zuwa 12 sun daina. Ƙwaƙwalwa tana ƙarfafa hanyoyin jijiyar da ake yawan bi, sauran su yi rauni. Shi ya sa baƙon da ya koyi Hausa da girma a kasuwar Sabon Gari yake cewa "kafa" yana nufin "ƙafa", mu kuma p da f suke ba mu wahala. Yaron da ke jin harsuna biyu tun yana ƙarami, hanyoyin duka biyun ne ke ƙarfafa.

Gaurayawar kuwa ba ruɗewa ba ce. Harsunan biyu a farke suke a kansa lokaci guda, sai ya cafko kalmar da ta fi kusa, kamar yadda mu manya muke yi kullum. In za ki auna kalmominsa, ki haɗa na harsunan biyu.

Inda ake yin ɓarna shi ne iyaye su koma Turancin da bai zauna a bakinsu ba. Hira sai ta ragu, ta koma "zo", "zauna", "bari". Babu tatsuniya, babu wasa da kaka. Yaro ya tashi Hausa ba ta nuna ba, Turanci bai nuna ba. A gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, yaran da aka koyar da Yarbanci tsawon firamare ba su koma baya a Turanci ba.

Kuma kada ki dogara da katun a waya. A 2003 Patricia Kuhl ta Jami'ar Washington ta sa jariran Amurka 'yan wata 9 zama sau 12 da masu jin Sinanci, suka kama sautukan. Waɗanda aka kunna wa bidiyo ba su kama ba. Ki yi masa Hausa mai yalwa, ki tambaye shi ya amsa, Turanci kuma ya same shi a makaranta da littafin hotuna na minti goma da dare, daga bakin wanda ya fi iyawa a gidan.

Abin da ya kamata ya dame ki daban ne: in ba ya haɗa kalmomi uku a kowane harshe, ko ba ya juyowa in an kira shi ta baya, ko kunnensa na ruwa, ki kai shi sashen kunne a asibitin koyarwa na Shika.

Ke kuma lokaci bai wuce ba. Ƙofar koyon lafazi ce ke saurin rufewa, kalmomi kuwa ana koyonsu har tsufa. Minti 20 kullum ya fi awa uku ranar Asabar, domin a cikin barci ƙwaƙwalwa take adana abin da aka koya. Sabuwar kalma ki maimaita ta washegari, bayan kwana uku, sai bayan mako, kuma ki rufe littafi ki tuno ta da ka, ba ki sake karantawa ba. Game da p da f, fara da kunne: saurari "pan" da "fan" daga bakin mutane daban-daban. Sannan ki tsaya gaban madubi. A p leɓɓa suna haɗuwa iska ta fashe, har takardar da kika riƙe gaban baki ta motsa. A f haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa.