Amsa ga Auta kan maganar zuwa ɗaurin aure a duwatsun Maroko

Assalamu alaikum 'yan gida, ina wuninku. Auta, na saurari muryarki tun da rana, aiki ne ya riƙe ni. Ga waɗanda ba su ji ba, cewa ta yi ita da yaron nan da za ta aura sun gaji da lissafin biki, anko da lefe da haya kujeru da masu kiɗa, suna so su tattara kuɗin su tafi duwatsun Maroko su biyu, a ɗaura a can, mai hoto ya ɗauke su, su dawo a matsayin mata da miji. Kuma ta ce tunda na yi karatu a can in faɗa mata yadda ake yi. To zan faɗa miki, amma ki saurara har ƙarshe kafin ki yi fushi.

Bidiyoyin nan da kike gani a Instagram, amarya da farar riga a bakin dutse iska na kaɗa mayafi, yawancinsu fa an riga an sa hannu a takarda tun a garinsu. Abin da ake yi a kan dutsen alkawari ne da hoto kawai. Su kansu Turawan ba sa son wahalar takardun wata ƙasa. A Maroko aure ba a bakin liman yake ƙarewa ba, adulai biyu, wato marubutan shaida na hukuma, su ne ke rubuta shi, kuma baƙo sai ya kai takardu kotun iyali alƙali ya ba da izini: takardar haihuwa, shaidar cewa ba ki da aure, ta likita, ta ofishin jakadanci, a fassara wasu zuwa Larabci. Ofishin jakadancinmu kuwa yana Rabat, dutsen yana kudu da Marrakech. Hutunku zai ƙare kuna bin layi.

Akwai abin da na san wani zai kawo miki, gara ki ji daga bakina. Dokar iyali ta Maroko ta 2004 ta yarda mace baliga ta ɗaura aurenta ba tare da waliyyi ba. Gaskiya ne. Amma ke ba a Kasabalanka za ki zauna ba, Damagaram za ki dawo. Mu Malikawa ne, kuma kin san abin da malaman Birni za su ce: babu aure sai da waliyyi, da sadaki, da shaidu biyu. Baba yana raye, lafiyarsa lau, bai hana ki yaron ba. In da ya ƙi ne ba dalili, wannan wata magana ce, akwai alƙali. To mutumin da ya karɓi gaisuwar iyayen yaro da hannu biyu, a ce ya ji labarin ɗaurin auren 'yarsa a waya? Haba Auta. Kuma ki tuna wata rana za a yi suna a gidan nan, ba na son a samu mai buɗe baki ya tambayi yadda aka ɗaura auren uwar yaro.

Ni abin da na gani, ba biki ne wajibi ba, ɗaurin aure ne. A ɗaura shi a ƙofar gida bayan sallar asuba ko bayan Juma'a, goro da dabino, a yi fatiha, a yi walima daidai ƙarfi. Ku je meri, ofishin magajin gari, a rubuta, ku karɓi takardar aure. Wannan takardar ki riƙe ta kamar fasfo, don a Maroko akwai masaukin da in sun ga sunayen Musulmi mace da namiji za su nemi ganinta kafin su ba ku ɗaki ɗaya. Sannan ku kama hanya. Maganar rage anko da kwana uku na kiɗa, ki bar min, ni zan zauna da Inna da su Gwaggo. Za su yi surutu, sun saba, zai wuce.

Yanzu dutsen. Inda ake yawan zuwa shi ne Imlil, ƙauye ne a tsaunukan Atlas, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi zuwa biyu daga Marrakech a mota, ta hanyar Asni. Ku daga nan sai kun fara cin kusan kilomita 900 zuwa Yamai, jirgi ya kai ku Kasabalanka, jirgin ƙasa kamar awa uku zuwa Marrakech. Kada ku sauka yau ku ce gobe za ku hau dutse. Damagaram ba ta kai mita 500 daga teku ba, Imlil kuwa tana wajen mita 1,800, dutsen Tubkal da ke samanta mita 4,167, babu wanda ya kai shi tsawo a duk arewacin Afirka. Bagzan namu na Abzin da muke alfahari da shi mita 2,022 ne, kin ga Tubkal ya ninka shi. Da kin wuce mita 2,500 iska ta fara ƙaranci, kai ya yi ciwo, zuciya ta tashi, abinci ya ƙi shiga. Amarya mai amai ba ta yin kyau a hoto.

Ba sai kun je ƙololuwa ba ma. Daga Imlil in kuka taka zuwa Arumd, ƙauyen da ke sama kaɗan, gidaje ne na dutse da ƙasa jere a jikin tsauni, ga itatuwan gyaɗar Turawa da tuffa, ruwa na gangarowa ta ƙananan magudanai har cikin gonaki, alfadarai na wucewa da kaya da tukwanen gas a baya. Mai gida zai kawo shayi da na'ana'a, ya ɗaga buta sama yana zubawa har ya yi kumfa, da burodi mai zafi da man zaitun. Mutanen Barbar ne, 'yan uwan Buzayenmu, har rubutun Tifinag za ki gani a allunan hanya. Ki sa suturarki ta mutunci, ƙauye ne na masu sallah, kuma kada mai hotonku ya ɗauki matan mutane bai tambaya ba.

In yaron ya nace sai ya hau Tubkal, to dole sai da ɗan jagora mai izini, haka aka tsaurara tun bayan kashe wasu 'yan mata biyu masu yawon buɗe ido a watan Disamba 2018. Kwana biyu ake yi, a kwana a masaukin da ke wajen mita 3,200. Kuma yankin nan ne girgizar ƙasa ta 8 ga Satumba 2023 ta afka wa, mutum kusan 3,000 suka rasu, don haka kafin ku biya kuɗin masauki ku nemi hoton gidan na yanzu, ba na da ba.

Lokaci kuma, Afrilu da Mayu, ko Satumba da Oktoba. Kada ki ce ai kin saba da hunturun Janairu na nan. Can ƙanƙara ce ke rufe hanya, leshi da takalmi mai tsini ba za su yi miki komai ba. Takalmin tafiya da rigar sanyi mai kauri, kayan hoton ki sa a jaka, alfadari ya ɗauka, in an isa ki canza. Jirgin ɗaukar hoto ɗan ƙaramin nan mai tashi sama, kada ku saya ku tafi da shi, kwastan na karɓewa a filin jirgi in babu izini. Kuɗi ku riƙe yuro, sefa ba ta da amfani a can, ku canza zuwa dirhami tun a Marrakech, dirhami ɗaya kusan sefa 60 ne. Kuma ki zauna ki haɗa kuɗin jirgi na mutum biyu da masauki da mai hoto, ki gani ko da gaske ya fi bikin araha, don ni ina shakka.

Fasfonki ma na san bai fito ba, ki fara da wannan. Gobe bayan la'asar zan biyo gida, ki ce wa Inna ta ajiye min fura, kuma kada ki ta da maganar nan gaban Baba kafin in zo.