Kana tambayar tayil, gidan ko gadonshi ba a raba ba

Wani ɗan kasuwar albasa daga nan Sakkwato ya aiko min da wannan: "Malam na samu tsohon gida cikin gari wajen Ƙofar Marke, ginin ƙasa ne amma filin da girma. Mai gidan ya rasu ya bar mata 2 da 'ya'ya 10, maza 4 mata 6. Babban ɗan abokina ne tun makarantar allo, munka yi ciniki miliyan 16 na ba shi 9, sauran sai na fidda albasa. Har na sa an fara cire rufi. So nike in maida shi gidan zamani mai ɗaki huɗu da falo biyu in saida miliyan 40 kamin shekara ta zagayo. Wane tayil ya fi, kuma silin na roba zan sa ko na filasta?"

Alhaji, ajiye maganar tayil tukuna. Don Allah yau ɗin nan ka kira maginin ka ce ya sauko daga rufin ga, ka biya leburori kuɗin yininsu su tafi gida. Ba ka sayi gida ba. Ka dai ba mutum ɗaya cikin mutum 12 kuɗi, kuma kana rushe kayan sauran 11 da ba ka ce min ko ɗayansu ya sa hannu ba.

Zo mu yi lissafin da ya kamata ka yi kamin ka buɗe jaka. Mu ɗauka iyayen mamacin ba su raye, ba bashi a kanshi, ba wasiyya. Matan biyu suna da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, miliyan 2 kenan cikin 16. Saura 14. Namiji rabon mace biyu, to maza 4 kaso 8, mata 6 kaso 6, kaso 14 cif, kowane kaso miliyan 1. Abokinka na makarantar allo rabonshi miliyan 2 ne kacal, kai ko ka damƙa mishi 9. Miliyan 7 na hannun wanda ba nashi ba, kuma ni na san halin kuɗi in sunka kwana hannun mutum mai buƙata, sai ka ji an gyara mota an biya kuɗin makaranta an ɗan ƙara aure.

Ba ina cewa ɓarawo ne ba. Wataƙila har zuciyarshi ya ɗauka zama babban wa ya ba shi ikon saidawa, da yawa haka suke ɗauka. Amma girma ba wakilci ba ne. Ko ƙanwarshi guda da ke aure Gusau ko Birnin Konni ta ce ba ta yarda ba, cinikinka ya tsaya. In akwai ƙananan yara cikin magadan to ma sai da mai kula da dukiyarsu da sanin alƙali. Kuma ko rabonshi kaɗai ya saida maka, a fiƙihun Malikiyya da kotunanmu ke aiki da shi akwai shufa'a, wato abokin tarayya a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin ya biya ka abin da ka biya ya karɓe kason. Tambayi duk malamin da kake sallah bayanshi zai gaya maka.

Na ga irin wannan da idona. Wani mai shagon atamfa ya sayi tsohon gida hannun 'yan'uwa maza uku, shaidu sunka zauna anka yi addu'a anka ci goro, ya rushe rabi ya tada bulo har linta. Sai ga wata tsohuwa da sammaci, ashe gidan tun na kakansu ne ba a taɓa raba shi ba, ita 'yar mamacin farko ce, tana da kaso ita da wasu da ba su ma cikin garin. Gado kan gado kenan, kuma cikin tsohon gari wannan ba abin mamaki ba ne, gida ɗaya sai ka tarar mutuwa biyu uku ta bi ta kanshi ba a kira malami ya yi rabo ba. Kotu ta tsaida aiki, damina ta sauka kan ginin da ba rufi, simintin da ya tara ya daskare a buhu, shagon atamfar kuma ya rame don jarin duk yana kwance cikin kango. Da anka sasanta sai da ya sake biyan wasu magadan daga aljihunshi, waɗanda sunka ci kuɗin farko ba su da abin maidawa.

Abin yi yanzu: ka je wajen abokin naka da dattawa biyu, ba da faɗa ba, a rubuta miliyan 9 ɗin nan a takarda ya sa hannu, abin da ya rage bai kashe ba a ajiye shi inda ba mai taɓawa. Sannan a tara magada duka, matan ma da bakinsu ko wakilin da sunka naɗa da kansu, a yi rabo gaban kotun shari'a a samu takarda. Tambayi mai unguwa da tsofaffin maƙwabta waye asalin mai gidan, kuma ko an taɓa jinginar da shi. Sauran miliyan 7 kada ka fidda ko sisi sai wannan ya kammala. Bayan nan ka nemi lauya ya bi maka takardun ma'aikatar filaye, don dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasar birni hannun gwamna, kuma mai miliyan 40 ba zai saye da takardar hannu kaɗai ba. In magadan sunka ƙi, karɓi kuɗinka ko da kaɗan kaɗan ne, ka maida musu rufinsu kamin ruwan Yuni.

Ita kuma miliyan 40 ɗin nan, ina ka samo ta? Ina jin bidiyon gyaran gidajen Turai da Dubai ka cika kallo a TikTok. Mai irin wannan kuɗin a garin ga Bado yake dubawa ko Arkilla ko Gwiwa inda zai shiga da mota har cikin gida. Shin lungunku mota na shiga? Tifar yashi na iya juyawa, ko da baro za a yi ta jido? Wannan kaɗai ya yanke wa gidan farashi komai kyan tayil. Gyaran ma ba ka lissafa ba. Ginin ƙasa ba ya son a yaɓa mishi siminti kawai a shafa fenti, danshi na taruwa ciki, bayan damina biyu filastar ta ɓanɓare, ga gara cikin azara, ga tsohuwar salga da sai an cike an haƙa sabon rami, ga magudanar ruwa da ke bi ta gidan maƙwabci tun zamanin kakanni. Ɗaki huɗu da falo biyu kusan sabon gini ne, ni ba zan sa maka ƙasa da miliyan 20 ba. Kuma ka tuna farkon 2024 buhun siminti ya haura dubu 10 alhali shekarar da ta gabata ana sayenshi wajen dubu 5, duk da kamfanin siminti na nan Kalambaina kusa da mu. Haɗa 16 da 20 ka ga ribar da kake mafarki, kamin ma a cire kuɗin dillali da na takardu.

In gidan ya tabbata naka, ni da zan ba ka shawara gyara shi za ka yi don iyali irin na unguwar, ka zauna ko ka ba da haya. Bar zauren nan, maigida na son inda zai ga baƙi ba su ratsa cikin mata ba. Bangon da ke da lafiya kada ka taɓa shi, kaurinshi ne ke tare zafin Afrilu, bulo mai inci shida da kwano marar silin kirki ba za su yi maka haka ba. Kuɗin ka zuba su a rufi, banɗaki, ruwa, wayar wuta da tagogi masu shan iska. Kuma kada ka taɓa jarin albasa, ita ke ciyar da kai, a yi aikin daga riba ɗaki ɗaki ko da zai ɗauki shekara biyu.