Ɗan jarida da ChatGPT: ina iyakar?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni matashi ne, ina aiki a wani gidan rediyo mai zaman kansa nan Maraɗi. Sanarwa kan zo mana da Faransanci saura minti goma a shiga labarai, sai in zuba ta cikin ChatGPT a salulata ya juya mini ita zuwa Hausa. Wani lokaci har hirar da na yi a kasuwa nakan ba shi ya taƙaita. Shugaban sashenmu ya ce wannan ha'inci ne. Haka ne?

Amsa: Ƙanena, amfani da wannan manhaja ba ha'inci ba ne. Ha'incin yana farawa ne lokacin da ka karanta wa jama'a abin da ba ka tantance ba.

Ka fara sanin yadda take aiki. Wannan ƙirƙirarriyar basira ba ta san gaskiya ko ƙarya ba. An ciyar da ita rubutu mai ɗimbin yawa, sai take hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya. Hausar da ta gani kaɗan ce, tamu ta Nijar kuwa ta fi ƙaranci. Idan mai sayar da hatsi ya ce maka tiya dala tamanin, kowa a Maraɗi ya san sefa 400 yake nufi. Ita kuwa tana iya ɗauka dalar Amurka ce, ta rubuto maka hakan cikin tsabtatacciyar jimla, babu ko ɗar. Wannan ne ya fi tayar mini da hankali, domin tsoho a Gidan Rumji da ya kanga rediyo a kunne ba shi da inda zai je ya bincika. Kai ya yarda da kai.

Manya ma sun yi tuntuɓe. A watan Janairun 2023, kafar CNET ta Amurka ta yi gyara a labarai 41 cikin 77 da na'ura ta rubuta mata. Kamfanin dillancin labarai na AP kuwa ya umarci ma'aikatansa su ɗauki duk abin da irin wannan na'ura ta fitar a matsayin bayanin da ba a tabbatar ba. Yarjejeniyar Paris kan ƙirƙirarriyar basira da aikin jarida, ta 10 ga Nuwamba 2023, wadda ƙungiyar kare 'yancin 'yan jarida ta RSF ta jagoranta, ita ma ta ɗora alhakin a wuyan gidan jarida, ta kuma nemi a bambance wa jama'a abin da na'ura ta ƙera da na ainihi.

Saboda haka, ajiye takardar Faransancin kusa da fassarar, ka bi kowane suna, adadi da kwanan wata da yatsa. Maganar mutum kuwa, daga muryar da ka naɗa za ka ɗauko ta, ba daga taƙaitawar na'ura ba.

Batun hirar ya fi nauyi. Wanda ya ba ka labari a asirce, misali kan matsalar tsaro wajen Madarunfa, amana ya ba ka. Abin da ka liƙa cikin manhajar yana tafiya kwamfutocin kamfanin a ƙasar waje. Cikin saitinta akwai wurin hana a horar da ita da hirarka, ka yi amfani da shi, amma duk da haka kada ka sa sunansa, ƙauyensu ko lambarsa.

Gobe ka zauna da shugaban naku, ka nuna masa takardar da fassarar gefe da gefe, ku tsayar da wanda zai riƙa dubawa kafin a buɗe makirfo.