Ku Tambaya Mu Amsa: Zaman Yau da Kullum a Ayarin Masu Keke na Ikkilisiya

Wasiƙun da suka shigo wannan watan yawancinsu kan magana ɗaya suke, wato tafiyar keken nan da na ambata a gurguje a fitowar da ta gabata. Ga wanda bai gani ba, sunan tafiyar Sea to Sea, wato daga teku zuwa teku, kuma ikkilisiyar Christian Reformed ta Amurka da Kanada ce ta shirya ta a shekarar 2008 domin tara kuɗin yaƙi da talauci. An tashi daga Siyatil a bakin tekun Fasifik ranar 30 ga Yuni, aka sauka a Jersey City a bakin tekun Atlantika ranar 30 ga Agusta. Mako 9 ke nan, tafiyar da ta haura kilomita 6,200. Ni a Denba ta jihar Kolorado na shiga ayarin, na sauka a Grand Rapids ta jihar Mishigan inda nake zaune, don haka labarin tsakiyar hanya zan ba ku.

Tambaya: Baba, sannu da aiki. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, mutum fiye da ɗari a kan hanya har wata biyu, ina suke kwana? Me suke ci, ina suke wanka? Da mata a ciki kuwa?
Wata mai karatu daga Jos

Amsa: 'Yata, da mata a ciki, kuma da yawa, daga 'yan jami'a har iyaye masu jikoki. Akwai dattawan da suka haura shekara 70 suna murza feda tare da mu.

Kwana a tanti ne. Kowa da ɗan tantinsa, ana kafawa a filin ƙwallon wata makarantar sakandare, ko dandalin shaƙatawa na gari, wani lokaci kuma a harabar kwalejin ikkilisiya kamar ta Dordt da ke Sioux Center a jihar Ayowa. Manyan tireloli biyu ne ke ɗauke da rayuwarmu. Ɗaya ta kaya ce, an jera kantoci a cikinta, kowane mahayi an ba shi kwandon roba biyu, kuma duk abin da zai buƙata har ƙarshen tafiya dole ya shiga cikinsu. Ɗayar kicin ce sukutum, da murhu da firji da masu girki waɗanda su ma sa kai suka yi, ba biyansu ake yi ba.

Ba a buga ƙararrawa da asuba. Wajen ƙarfe biyar za ki fara jin ƙarar zif ɗin tantuna nan da can, shi ke nan barci ya ƙare. A naɗe tanti da raɓarsa, a kai tirela, a shiga layin karin kumallo: kunun hatsi mai kauri, burodi, ayaba, shayi ko kofi. A nan ne kowa ke haɗa guzurinsa na rana, yawanci burodi da aka shafa wa markaɗaɗɗiyar gyaɗa, a cusa a aljihun bayan riga. Kowa ya wanke kwanonsa. Sai a duba iskar taya, a ɗiga wa sarƙa mai, a sa hular kwano da riga mai ɗaukar ido don direbobi su hango mutum daga nesa. Kafin ƙarfe bakwai yawanci an watse, ba a dunƙule ba, uku-uku ko huɗu-huɗu, kowa da takardar da ta nuna masa hanyar ranar.

Tafiyar yini takan kai kilomita 110 ko fiye, akwai kuma ranakun da suka wuce 160. Motocin taimako suna tsayawa a gefen hanya jefi-jefi da jarkokin ruwa, kuma su ne ke ɗaukar wanda jikinsa ko kekensa ya gaza. A Nebraska masara ce dama da hagu iyakar ganinki, ga zafi mai gumi, ga iska tana turo mutum baya. Mutane suna tsoron duwatsu, amma wanda ya yi yini yana kokawa da iska a fili ya san hayi yana da ƙarshe da gangara a bayansa, iska kuwa ba ta da shi. Ayowa da ake cewa shimfiɗaɗɗiya ce, tudu ne bayan tudu har zuwa kogin Misisipi.

Masu sauri sukan isa masauki da azahar, na baya sai la'asar sakaliya. Wanka a banɗakunan 'yan wasa na makarantar da aka sauka, maza da nasu, mata da nasu, kuma wanda ya makara ruwan sanyi zai tarar. Daga nan sai wanki, domin wandon hawan keke ba a maimaita shi da gumin jiya, in ba haka ba ƙuraje su hana mutum zama a kan sirdi. Da yamma za ki ga shingen makaranta ya cika da shanya. Abincin dare wajen ƙarfe shida, taliya ko dankali ko shinkafa da nama, ana ci kamar ba gobe. Ni dai kwalbar yaji ba ta rabu da kwandona ba, kuma kafin mu kai Madison ta yi abokai. Ƙarfe tara an kwanta, alhali a can lokacin zafi gari bai gama yin duhu ba.

Tambaya: Ɗan'uwa cikin Ubangiji, gaisuwa mai yawa. Na karanta labarinku, amma ban ga abin da ya raba ku da masu tseren keke ba. Ina ibadar take a ciki?
Wani fasto daga Kafanchan

Amsa: Fasto, na gode da wannan tambaya, ita ce na fi so a yi mini.

Akwai ibadar da ido ke gani. Ba a cin abinci sai an yi addu'a. Kowace yamma bayan abinci duk ayarin yakan taru a kan ciyawa: a faɗi yadda hanyar gobe take da yanayin sama, a ƙirga tayoyin da suka yi faci da mutanen da suka faɗi a ranar, a kawo roƙon addu'a, a raira waƙar yabo. Daga nan a rabu ƙananan rukuni, a karanta Littafi Mai Tsarki, kowa ya faɗi abin da ke ransa. Ranar Lahadi ba a hawa keke. Ana yin sujada tare da ikkilisiyoyin garin da aka sauka, kamar yadda muka yi a Fremont da Madison, a wanke kaya, a huta.

Amma in ka tambaye ni inda na ga bangaskiya da idona, a wurin masu rufe baya ne. An raba mahaya rukuni-rukuni, kowane rukuni da ranar aikinsa. Ran da aiki ya faɗo kanku, ku za ku raba abincin dare, ku wanke manyan tukwane, ku riga kowa tashi don karin kumallo, ku loda kaya a tirela, ku tsince shara har filin ya koma yadda aka same shi. Sai kowa ya tafi sannan ku hau kekunanku, lokacin rana ta riga ta ɗaga. Kuma ba ku da izinin wuce na ƙarshe. Duk wanda ya fi kowa nawa a ranar, ku ne a bayansa har masauki.

Wata rana a Nebraska aikin ya faɗo kan rukuninmu. A cikinmu akwai wani saurayi wanda in an bar shi da azahar ya isa, ya yi wanka, ya yi barci. Muka cim ma wata dattijuwa da iska ta gama galabaitar da ita, tana tafiya da ƙyar, ta kuma ƙi shiga mota domin ta yi wa mutanen cocinsu alkawarin za ta taka kowane kilomita da ƙafarta. Yaron nan bai ce komai ba. Ya shiga gabanta ya rage gudu daidai nata, ya tare mata iska da jikinsa, haka har yamma. Tayarta ta yi faci, ya durƙusa a bakin kwalta cikin rana ya gyara. Muka shiga masauki ana shirin cin abinci, ya ajiye keke ya tafi neman wurin kafa tanti, duk wuraren inuwa an kama. Washegari ban ji ya ba kowa labari ba.

Sannan akwai haƙurin zama da jama'a, wanda a ganina ya fi hawan tudu wuya. Tantin maƙwabcinka taku biyu ne daga naka, minsharinsa a kunnenka yake. Layin banɗaki da asuba, ga wanda ya daɗe a ciki. Ga mai surutu lokacin da kai ba ka da ƙarfin amsawa. Gajiya tana fito da halin mutum fili, na fasto da na dattijon ikkilisiya da na ɗan makaranta duk ɗaya. A gida in ɗan'uwa ya ɓata maka rai kana iya kauce masa har wata Lahadin. A ayari kuwa shi ne zai miƙo maka cokali da safe, don haka dole a shirya kafin a kwanta. Na ga manyan mutane sun je tantin juna da dare neman gafara a kan magana ƙanƙanuwa, kuma wannan ya taɓa ni fiye da wa'azi da yawa da na ji.

Tambaya: Malam, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Wannan ba yawon shaƙatawar masu kuɗi ba ne da aka laƙaba wa sunan talakawa? Me ya hana su ba da kuɗin kawai su zauna a gida?
Wani mai karatu daga Kano

Amsa: Malam, ba abin ba da haƙuri a nan, akwai gaskiya a maganarka. Keken irin wannan tafiya yana da tsada, kuma ba kowa ke iya barin aikinsa wata biyu ba. Gajiyar keke kuma ba talauci ba ce. Mu mun zaɓi wahalarmu, mun san tukunya tana jiranmu da yamma, mun san akwai mota in jiki ya ƙi. Mutumin da ke ɗora buhun gawayi a keke ya kai kasuwa don yaransa su ci ba shi da ko ɗaya cikin waɗannan. Duk lokacin da na ji wani mahayi ya ce yanzu ya san abin da talaka ke ji, raina ba ya so, kuma nakan faɗa masa.

Inda na rabu da kai shi ne batun kuɗin. Yawancinsa ba daga aljihun mahaya ya fito ba. Duk wanda zai yi tafiyar daga teku zuwa teku sai da ya tara dala 10,000, wato ya bi coci-coci, ya tsaya gaban jama'a, ya yi maganar yunwa da rashin aikin yi ga mutanen da ba su saba jin ta ba. A hanya ma, duk inda muka tsaya shan ruwa sai an tambaye mu ina muka nufa, mu yi bayani, wani ya zaro 'yan daloli ya miƙa. Abin da aka tara a shekarar ya kai wajen dala miliyan 2. An cire na abinci da man motoci, sauran ya bi ta hannun ƙungiyoyin agaji, ciki har da wadda yau ake kira World Renew, mai aiki a Najeriya da Nijar, da Partners Worldwide mai tallafa wa ƙananan 'yan kasuwa. Da an ce kowa ya zauna gida ya aika abin da ya sawwaƙa, ba na jin za a kusanci wannan adadi. Duk da haka, haƙƙin mai bayarwa ne ya tambayi nawa aka kashe a hanya, nawa ya isa ga mabukata, a wannan tafiya da kowace irinta.

Tambaya: Baba, mu matasan CRCN ne, wato ikkilisiyar Christian Reformed ta Najeriya. Muna so mu shirya irin wannan daga Takum zuwa Vom. Ta ina za mu fara?
Wani matashi daga Takum

Amsa: Ɗana, na gane dalilin zaɓen Vom. Johanna Veenstra, wadda ta fito daga ikkilisiyar da ta shirya tafiyarmu, a Lupwe kusa da ku ta yi aikin bishara, ta rasu a 1933, kabarinta kuma yana Vom. Niyyarku ta yi mini daɗi ƙwarai.

Ku fara da gajeriyar tafiya, Takum zuwa Wukari, ku kwana a coci ku dawo, ku ga wanda jikinsa ya ɗauka da keken da ya jure. Sannu ba ta hana zuwa. Kafin babbar tafiyar, ku zauna da dattawa da fastocin garuruwan da za ku ratsa, domin su suka san wace hanya ce ke da lafiya a wannan makon, wace ce ba a bi. In sun ce a dakata, ku dakata. Ku sanar da jami'an tsaro, kada duhu ya same ku a hanya ko sau ɗaya. In ta Ibi za ku bi, ku shirya yadda za ku tsallake Binuwai da kekuna da mota, ku kuma tuna daga Shendam zuwa saman Filato hayi ne mai tsawo, ku ba shi isasshen lokaci. Watan Disamba ko Janairu ya fi, lokacin da sanyin hunturu ke rage zafin rana.

Ba kwa buƙatar tanti ko tirelar kicin, harabar coci da zumuntar mata za su wadatar in kun aika saƙo da wuri kuka kuma kai musu hatsi da kuɗin cefane. Abin da ba za ku tafi babu shi ba: mota ɗaya mai bin baya da ruwa da akwatin magani, mai faci da kayan aikinsa, hular kwano ga kowa, da rukunin masu rufe baya da za a riƙa sauyawa kullum, har shugabanku ya yi ranar aikinsa kamar kowa. Ku kuma tsai da abin da za a tara wa kuɗin tun kafin a tashi, ku naɗa mutum biyu su riƙe lissafi, a karanta shi a gaban ikkilisiya ranar Lahadin da kuka dawo.