Tambaya da Amsa: Littafin girkina ya raba abinci bisa yanayin Turai, yaya zan yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. An kawo mini tsarabar littafin girki daga Ingila, an raba shi kashi huɗu bisa yanayin shekara. Duk girkin tumatir yana ɓangaren watan Yuni zuwa Agusta, lokacin da tumatir ke gagarar mai ƙaramin ƙarfi a nan. Ta yaya zan riƙa zaɓo abin da ya dace da lokacinmu? Kuma wata maƙwabciyata ta ce in markaɗa kayan miya yanzu da suke araha, in dafa, in ɗura a kwalba in zuba mai a sama, wai zai kai damina. Gaskiya ina jin tsoro saboda yarana.
Wata uwargida daga Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ta farkon mai sauƙi ce. Ki rabu da kan babin, ki tafi fihirisar bayan littafin inda aka jera kayan haɗi, ki nemi girki da sunan abin da ya cika kasuwa a makon. Lokacin zafin Ingila shi ne daminarmu, littafin Ostireliya kuwa zafinsa a Disamba yake, don haka kan babi ba zai taɓa yi miki jagora ba. Ki ɗauki fensir ki rubuta namu a gefen shafi. Babin tumatir, tattasai, kabeji da karas ya koma hunturu zuwa farkon bazara, lokacin da kayan noman rani na Kadawa da Kura ke sauka. Ɗanyar kuɓewa, alayyafo, rama da ɗanyar masara na damina ne. Kabewa, wake da sabuwar gyaɗa na kaka. Mangwaro na bazara. Girkin azumi kuma kada ki ɗaure shi da yanayi, tunda Ramadan na matsowa da kusan kwana 11 duk shekara.

Maganar maƙwabciyarki ce ta fi tayar mini da hankali, domin kusan kullum sai na ji ta, musamman daga masu koyar da girki a waya da ba su san komai game da tsaftar abinci ba. Man da ake zubawa a sama ba ya kashe komai. Iska kawai yake toshewa, ita kuwa ƙwayar cutar da ke haddasa gubar botulizim inda babu iska take bunƙasa. 'Ya'yanta suna cikin ƙasa, suna zuwa a jikin albasa da attaruhu, kuma tafasar tukunya, wadda ba ta wuce digiri 100, ba ta kashe su. Sai zafi ya kai digiri 121, wanda sai a tukunyar matsin tururi ta adana abinci ake samu.

Abin da ke hana su tsira a cikin kwalba shi ne tsami. Tumatir zalla yana bakin iyaka ne, shi ya sa ake ƙara masa ruwan lemun tsami. Da zarar kin haɗa shi da tattasai da albasa, waɗanda ba su da tsami, kin rage wannan kariyar, sannan kin ajiye a ɗakin girki cikin zafin Afrilu. Sai a ce miki, "Ai na shekara biyar ina yi ban ga komai ba." Allah ne ya tsare, amma hakan ba hujja ba ce. Wata kuma ta ce a sansana. Gubar nan sau da yawa ba ta da wari, ba ta canza ɗanɗano ko kala. Alamunta kan bayyana cikin awa 12 zuwa 36: gani biyu-biyu, fatar ido ta riƙa saukowa, haɗiya da magana su yi wuya, daga nan numfashi. A gidajenmu da yawa sai a ce iska ce ko shanyewar jiki, a tsaya neman rubutu da hayaƙi, alhali asibiti ake buƙata a take. Duk wadda ta koya wa mata wannan dabara a bidiyo don neman mabiya, ta sani rayukan yaran mutane ne a wuyanta.

Hanya mafi aminci a wurinmu ita ce wadda iyayenmu suka sani: kauɗa. Ki yanka, ki shanya a kan tsabtatacciyar tabarma nesa da ƙura da kaji, har ya bushe ƙayau. In kina da firiza da wuta mai ɗorewa, ki daskarar da markaɗen a ƙananan robobi, kowace ta girki ɗaya. In kuwa sai kwalba, to tumatir zalla, cokali biyu na cin abinci na ruwan lemun tsami a kowace lita, murfi sabo mai kamawa, a nutsar da kwalaben cikin ruwa mai tafasa na minti 50. Tattasai da albasa ki haɗa su ranar girki. Kwalbar da murfinta ya kumbura ko ta yi kumfa, ki zubar ba tare da ɗanɗanawa ba, inda yara da dabbobi ba za su kai ba.